Gaisuwar Babbar Sallah daga Teksas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, barkanmu da Sallah. Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyarmu, ya dawo mana da alhazai lafiya. Ina nan ƙalau, aiki ma alhamdu lillahi. Da yake nan ba a ba da hutun Sallah, sai da na nemi izini a wurin aiki. Bayan an sauko daga idi muka nufi wata gona a bayan gari, inda mu bakwai muka haɗa kuɗi muka yanka sa. Da aka zo fiɗa kowa ya ja da baya, aka miƙo mini wuƙa, kuma hannu bai manta abin da Baba ya koya masa ba. Allah ya saka da alheri.

Maganar da Inna ta faɗa mini a waya ce ta sa na zauna rubuta doguwar takarda. Ta ce Auta ya kafe sai ya shiga hawan ƙaho a wasan da mahauta za su yi cikin shagalin Sallar nan, har yana nuna mata bidiyon da na turo ina bisa san ƙarfe, wai ai Yaya ma hawa yake yi a Amurka. To Auta, matso kusa a karanta da kai.

Abin da ka gani a bidiyon nan inji ne. Gangar ƙarfe ce aka lulluɓe da fata aka yi mata kan sa, kewaye da ita katifar iska, ga wani mutum a gefe riƙe da maɓallai, shi ke ƙara mata gudu, shi ke rage mata. Tun asali don masu koyon hawa aka ƙera irinta, daga baya ta bazu a wuraren shaƙatawa wajejen 1980. Ba zan ɓoye maka ba, akwai daɗi. Idan ta fara juyi tana dungurawa gaba tana komawa baya, zuciya na bugawa, mutane na ihu, sai ka ji ba ka son a tsayar. Amma ko ita ba ta bar mutane lafiya ba. Wani abokin aikina a kanta ya karya tsintsiyar hannu, don ya tokare ƙasa da tafi lokacin faɗuwa, wasu kuma fuskarsu ke haɗuwa da kan injin idan ya ɗago. Wannan fa abin da ake kashewa da ɗan yatsa ke nan, kuma idan ka faɗi ba ya biyo ka.

Na gaskiyar a Fort Worth, wani gari a nan Teksas, na gan shi, a tsohuwar kasuwar shanun garin. Baba, da za ku ga wurin nan da ya burge ku. Kullum sau biyu ake koro shanu masu dogayen ƙahoni su ratsa titi, kaboyi na biye da su a kan dawakai. Akwai wani babban zaure da aka gina a 1908, a cikinsa ake wasan da suke kira rodiyo daren Juma'a da na Asabar. Bajiman da ake hawa da yawansu masu tozo ne irin namu, nauyin ɗaya yakan kai kilo 700 zuwa 900, kuma tun daga iyaye da kakanni ake zaɓo masu tutsu ana haɗa irinsu, don wannan aikin kaɗai ake kiwonsu. Ana dushe musu tsinin ƙaho. A cikin wani matsattsen keji na ƙarfe mahayi ke sauka a gadon bayan san, a ɗaure igiya a bayan ƙafafunsa na gaba, mahayin ya naɗe ta a hannu ɗaya, sannan a zagaya wa san wata igiyar a kwiɓi don ya ƙara harbi. Mahayi na gyaɗa kai, sai a wangale ƙofa.

Sakan 8 kawai ake nema. Ɗaya hannun yana sama, idan ya taɓa san ko jikinsa da shi, ya faɗi ko da bai faɗo ba. Maki 100 ne, rabi na mahayi, rabi na sa, saboda haka kowa addu'a yake a haɗa shi da mugun bijimi. Na ɗauka sakan 8 ba komai ba ne sai da na ga dabba mai wannan nauyi ta tashi sama da ƙafafu huɗu, ta murɗe a iska, ta dira tana juyawa kamar guguwa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. A nan na gane abin da ke sa idon Baba ya canza duk lokacin da aka ɗauko labarin kalangu da kirari da ranar da kuka faɗa tsakanin ƙahonin jan san nan. Da ina yaro tsoro kawai labarin ke ba ni. Yanzu na san akwai wani abu da mutum ke ji a gaban bijimi wanda ba ya samunsa a ko'ina, kuma ban raina Auta don yana nemansa ba.

Sai dai haɗarin ya fi yawa bayan an sauka. A daren da na je, wani saurayi ya faɗo amma hannunsa ya maƙale a igiya, san ya yi ta jansa yana wujijjiga shi. Akwai mutanen da aikinsu ke nan a fili, su shiga gaban sa su ɗauke masa hankali. Ɗayansu ya daka tsalle ya kwance igiyar, ɗaya ya miƙa kansa aka tunkuye shi. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da yaron, zauren ya yi tsit, can aka buɗe wa na gaba ƙofa.

Su kansu ba sa ɓoye abin da wasan ke ci. Lane Frost zakaran duniya ne a 1987. A watan Yulin 1989, a garin Cheyenne, ya cika sakan 8 ɗinsa lafiya ya sauka, san ya juyo ya doke shi da ƙaho a baya, haƙarƙari ya karye, ya rasu yana da shekara 25. Bayan rasuwarsa ne abokinsa Cody Lambert ya fito da rigar kariya da kowane mahayi ke sawa a yau. Wani abokin nasa, Tuff Hedeman, a 1995 wani sa mai suna Bodacious ya ɗago kai ya farfasa masa ƙasusuwan fuska. Yanzu matasansu da hular kwano mai ragar ƙarfe suke hawa. Duk da haka a 2019, a Denver, sa ya taka ƙirjin Mason Lowe yana sanye da rigar, shi ma ya rasu yana da shekara 25. Waɗannan ƙwararru ne da suka fara da 'yan maruƙa tun suna yara, kuma likita da motar asibiti na tsaye a bakin fili.

A ƙofar zauren nan akwai mutum-mutumin wani baƙar fata, Bill Pickett, wanda ya yi suna da dirowa daga kan doki ya cafki ƙahonin sa ya murɗe shi ƙasa. Na daɗe tsaye a gabansa ina tuna gida, don abin nasa ya fi kusa da namu. Shi ma a 1932 harbin doki ne ya yi ajalinsa.

Namu kuwa ta gaba ake zuwa, ƙirji da ciki a buɗe, ƙahon da tsininsa. Abin da ke tsakaninka da kabari shi ne ikon Allah, sai igiyar ƙafar baya da samarin da ke riƙe da ita. Auta, na san za ka ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Baba ma da ya gada sai da ya yi shekaru yana riƙon igiya kafin a bar shi ya tunkari sa, kuma tabon da ke cinyarsa ka san shi, ka san yadda yake hana shi barci da sanyi. Kai a makaranta ka tashi, ba a mayanka ba. Laya da guru ba su san lokacin da sa zai sunkuyar da kai ba, ido ne ke sani, shi kuma sai an daɗe ana kallo.

Baba, ba ni da bakin hana abin da kuka ga ya dace, roƙo nake yi. Bana a bar shi a kan igiya, kusa da manya. Idan har yana so da gaske, ku da kanku ku koya masa, a fara da ƙaramin sa, a sanar da Sarkin Fawa, kuma ranar da zai shiga a tanadi mota a kusa wadda za ta kai mutum asibiti. Kuɗin wannan ni zan ɗauka. Inna kuma ki kwantar da hankalinki, Auta ba ya tsallake maganar Baba.

Na turo goron Sallah ta hannun Yaya Babba, a fitar wa Gwaggo da Kawu nasu, sauran a raba wa yara. Auta, ka kira ni bayan kun yi isha'i, lokacin nan rana ce tunda kuna gabanmu da awa 6, ina so mu yi magana ni da kai. A gaishe da maƙwabta da mutanen layin mahauta baki ɗaya. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku da ke Teksas.