Wa Ya Riƙa Kai Su Aiki? Ɓangaren Labarin Montgomery Da Aka Tsallake

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, na rubuto ne kan labarin Rosa Parks da kuka kawo a shafinku na tarihi. Na ji daɗinsa ƙwarai, domin ba kasafai ake ba mu tarihin baƙaƙen fatar Amurka da Hausa ba. Sai dai an ba da shi ne yadda aka saba: wata tela ta taso daga aiki a gajiye ran 1 ga Disamba 1955, ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a bas a birnin Montgomery na jihar Alabama, aka kama ta, Martin Luther King ya yi jawabi, shi ke nan. Ni da na ƙare ƙuruciyata a tasha, na ja mota na kuma yi aikin lodi, abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mutanen da suka ƙaurace wa bas har kwana 381, wa ya riƙa kai su aiki kullum da safe?

Ita kanta Rosa Parks ba gajiyar jiki ce ta zaunar da ita ba, ta sha faɗin haka da bakinta. Tun 1943 take sakatariyar reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, na garin, tana rubuta ƙorafin waɗanda aka zalunta. Ta san abin da take yi. Kuma wulaƙancin ya wuce na kujera. Baƙar fata zai biya kuɗinsa a ƙofar gaba, a ce ya sauka ya zagaya ta ƙofar baya, wani lokaci kafin ya kai direba ya ja mota ya bar shi a titi. Wallahi a matsayina na direba wannan ya fi komai ƙona mini rai: ka karɓi kuɗin mutum ka tafi ka bar shi. Alhali kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjojin kamfanin baƙaƙen fata ne, su ke ciyar da shi.

A daren da aka kama ta, wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, shugabar ƙungiyar mata mai suna Women's Political Council, ta kwana tana buga dubban takardun kira ga jama'a kada su hau bas ran Litinin 5 ga wata. E. D. Nixon, ma'aikacin jirgin ƙasa da ya goge a harkar ƙwadago, shi ya yi belin Rosa, ya kuma bi malaman coci ɗaya bayan ɗaya ta waya. King, malamin cocin da aka zaɓa ya jagoranci ƙauracewar, a lokacin shekarunsa 26, baƙo ne a garin.

Ƙaurace wa mota na yini ɗaya kowa zai iya. Amma mai aikatau da za ta isa gidan uwar ɗakinta a can wani gefen gari da sassafe, in ta makara a sallame ta, ba jawabi ne zai kai ta ba. Da farko direbobin tasi baƙaƙen fata suka riƙa ɗaukar mutane a senti 10, daidai kuɗin bas. Hukumar gari ta zaro dokar da ta ce tasi ba ta karɓar ƙasa da senti 45, ta yi barazanar hukunta su. Sai aka nemi shawarar T. J. Jemison, wanda ya jagoranci irin wannan ƙauracewa a birnin Baton Rouge na jihar Louisiana a 1953, aka kafa tsarin motocin sa-kai. Motoci kusan 300 masu su suka bayar. Aka ware wurare sama da 40 na ɗaukar mutane da safe, da kwatankwacin haka na dawo da su da yamma. Ma'aikatan gidan waya baƙaƙen fata, da suka san kowane lungu saboda rabon wasiƙu, su suka taimaka wajen tsara hanyoyin, wani mai suna Rufus Lewis kuma ya shugabanci kwamitin sufuri.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha da asuba, fasinja sun yi layi mota ɗaya ta ƙi tashi, ya san nauyin abin nan. Mai, taya, birki, bakanike, direban da bai fito ba, ga shi ba a karɓar kuɗin mota. Daga taron coci na dare ake tara karo-karo. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna soya kaji da yin kek suna sayarwa, su kawo kuɗin a zuba wa motoci mai. Daga baya aka sayi sababbin motoci masu ɗaukar mutane da yawa, aka yi musu rajista da sunayen coci-coci.

Hukuma ta gane inda ƙarfin yake, shi ya sa ta sa direbobi a gaba. 'Yan sanda suka riƙa tare su suna yanka musu tara kan laifin da bai kai ya kawo ba. King kansa a Janairun 1956 an kulle shi wai ya yi gudun mil 30 a inda aka ƙayyade 25. Kwana huɗu bayan haka aka jefa bam a gidansa, matarsa da jaririyarsu suna ciki, Allah ya tsare. Kamfanonin inshora na gari suka janye daga motocin, sai da wani dillali baƙar fata daga Atlanta, T. M. Alexander, ya samo musu inshora daga kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan. Da yawa kuma ba su hau komai ba, ƙafa suka riƙa takawa cikin sanyi da ruwa.

Shari'ar da ta karya dokar wariyar launin fata a bas ma ba ta Rosa Parks ba ce. Wani matashin lauya, Fred Gray, ya shigar da ƙara a kotun tarayya da sunan mata huɗu: Aurelia Browder, Susie McDonald, Mary Louise Smith, da Claudette Colvin, yarinya 'yar shekara 15 da aka kama kan irin wannan laifin wata tara kafin Rosa. Kotu ta ba su gaskiya a Yunin 1956, Kotun Ƙoli ta tabbatar ran 13 ga Nuwamba. A wannan ranar kuma alƙalin jiha ya haramta motocin sa-kai. Takardar hukuncin Kotun Ƙoli ba ta iso ba sai 20 ga Disamba, don haka sama da wata guda jama'a suka ƙarasa galibi da ƙafa, ba su koma bas ba.

Nasarar ba ta zo da hutu ba. An yi ta harbin motocin bas, a Janairun 1957 aka tayar da bama-bamai a coci huɗu da gidan Ralph Abernathy, malamin coci kuma na hannun daman King. Rosa da mijinta duk sun rasa aikinsu, dole suka yi ƙaura zuwa Detroit a 1957.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne ku ware shafi guda ga Jo Ann Robinson, Georgia Gilmore, Claudette Colvin da direbobin nan, ku kawo yadda aka tsara tashoshin da yadda aka riƙa biyan kuɗin mai. Akwai direbobi da yawa da ke karanta jaridarku a rumfar tasha suna jiran layi ya zo kansu, kuma na san za su so su ji.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani tsohon direba, daga Funtuwa