Amsa ga mai tambaya kan rushewar Whitecaps FC 2

Malam, assalamu alaikum.

Ka tambaye mu a bainar jama'a cewa in dai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Whitecaps FC 2 ce ta fito da ɗan wasan Kanada Alphonso Davies, me ya sa aka rufe ta bayan kaka uku kacal? Ga amsarmu.

Kulob ɗin Vancouver Whitecaps na Kanada ne ya kafa ta a ƙarshen 2014, ta fara buga gasar USL, wata ƙaramar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, a 2015. Aikinta ɗaya ne, yaron da ya fi ƙarfin makarantar horaswa amma bai kai shiga babbar ƙungiya ba, ya samu inda zai riƙa buga minti 90 da manya. Haka Davies, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam a Ghana, ya sa hannu a Fabrairun 2016 yana ɗan shekara 15. A watan Mayu ya ci ƙwallonsa ta farko, zuwa Yuli an ɗauke shi zuwa babbar ƙungiya. A kakar nan, ƙarƙashin koci Alan Koch, sun kai wasan ƙarshe na shiyyar Yamma kafin Swope Park Rangers ta fitar da su.

Matsalar ba a cikin fili take ba. Ƙungiya irin wannan ba ta ciyar da kanta. Albashi, masu horaswa, hayar fili, kuɗin jirgi da otal zuwa Texas ko Oklahoma, duk daga aljihun uwar ƙungiya suke fita, alhali 'yan kallo ba sa tururuwar sayen tikiti, don wanda duk ya fara haskawa sai a janye shi. Sannan a 2017 aka ɗaga USL zuwa rukuni na biyu, inda ƙa'ida ta ce fili ya ɗauki mutum 5,000 aƙalla. Filin Thunderbird na jami'ar British Columbia, inda ƙungiyar take wasa, kujeru kusan 3,500 gare shi a lokacin. A Nuwamban 2017 aka rushe ta, aka koma tura yara aro zuwa Fresno FC a Kalifoniya.

A ganinmu an yi kuskure, kuma abin yana mana ciwo. Kocin da aka ba aron yaro maki yake nema, ba dole ne ya sa shi a wasa ba, balle ya koya masa salon gidansu. Kuma wata takwas kacal bayan rufewar, Bayern Munich ta amince ta sayi Davies kan kuɗin da ka iya kaiwa dala miliyan 22.

A 2022 Whitecaps ta sake farfaɗo da ƙungiyar a gasar MLS Next Pro, wadda galibin masu buga ta ƙananan ƙungiyoyin kulob-kulob ne.

Wassalam.