Awa biyun safe a ajin ƙananan yara na ƙauye

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mun saurari shirinku kan makarantun ƙauye, inda aka fi maganar gini da kujeru. Gaskiya ne ana buƙatarsu, amma muna so iyaye da jami'an GES, hukumar ilimi ta Ghana, su duba yadda wuni ɗaya yake tafiya a ajin KG, wato ajin share fagen shiga firamare, musamman a ƙauyukan manoma na wajen Ejura da Offinso.

Yaro ɗan shekara 4 ko 5 karatunsa na safe ne. Daga ƙarfe 8 zuwa 10 hankalinsa na tare da malami. Bayan nan kwanon rufi ya yi zafi, yunwa ta taso, sai gyangyaɗi da kuka. Da yawansu sun tako daga nesa ba su sha ko koko ba, domin uwa ta wuce gona tun asuba. Abincin makaranta da gwamnati ta fara bayarwa a 2005 yakan iso ne wajen tsakar rana, wani lokacin ma mai dafawa ba ta zuwa saboda ba a biya ta ba. Don haka lissafi da haruffa a yi su da fari, waƙa da wasa a bar su sai rana ta take. Malamin da ya cinye safiyar wajen shara da ɗebo ruwa ya yi asarar ranar.

Kada darasi ɗaya ya wuce minti 15. Kayan aiki kuwa ba sai an jira daga Accra ba. A ba kowane yaro murafen kwalba 10 a gwangwanin madara, ya ƙirga, ya ware, ya mayar. A ƙirga su kafin a tashi, don ƙanana suna sa su a baki. Kafin alli, yaro ya fara zana harafi da yatsa a faifan yashi, hannunsa ya saba. Wanda ke zuwa makarantar allo da yamma zai fara rubutu daga dama, kuma ba daƙiƙanci ba ne, abin da ya saba ke nan. A ɗiga masa alama a gefen hagu na allonsa, a ce daga nan boko ke tashi. Duka ba ya gyara wannan.

Babbar matsalar ita ce harshe. Tsarin ƙasa ya ce a koyar da ƙananan yara da harshen gida, amma harsuna 11 ne aka amince da su a makarantu, kuma babu Hausa a ciki. A aji ɗaya za ka tarar da mai jin Hausa, da Dagomba, da Konkomba, da ɗan Fulani, malamar kuma Twi da Turanci kawai take ji. Yara sai su riƙa maimaita abin da ta faɗa da ƙarfi, mai wucewa ya ɗauka karatu ake yi. Dabarar da ke aiki ita ce a zaunar da su rukuni-rukuni, biyar ko shida a tabarma, kowane rukuni da yaro mai wayo da ke jin harsuna biyu. In an samu wata uwa daga zango ta zo ta yi musu tatsuniya sau ɗaya a mako, ya fi.

Sai lokacin girbi. In an shiga karyar masara, ko aka fara fasa 'ya'yan koko a gona daga watan Oktoba, aji kan ragu, ranar kasuwa ma haka. Kada a fara sabon harafi a irin waɗannan ranaku, a yi bita. Yarinyar da ta zo goye da ƙaninta kuma kada a kore ta, don in ta koma gida ba lallai ta dawo ba. A shimfiɗa tabarma a bayan aji.

Roƙonmu ga iyaye: a ba yaro ko ƙosai biyu ne kafin ya fito. Ga hukuma kuma, in za a tura malami ƙauyen da Hausa ce harshen kasuwarsa, a nemi mai jin ta. Akwai su a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, sun gama kwalejin horar da malamai suna jiran aiki.

Wassalam.
Wasu malaman firamare, Kumasi