A riƙa fayyace hasashen sanyin ƙarshen shekara a Amurka

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ɗan ƙorafi kan yadda ake kawo mana labarin yanayi idan hutun Kirsimeti da sabuwar shekara ya gabato.

Hukumar NOAA mai kula da hasashen yanayi a Amurka tana fitar da taswirar hasashe ta kwana 6 zuwa 10 da ta kwana 8 zuwa 14, kuma daga nan ake ɗauko yawancin labaran. Sai a ce mana bana za a yi ɗumi, a wuce. To amma jan launin da ke kan taswirar ba ma'aunin zafi ba ne. Abin da yake nunawa shi ne yiwuwar yanayin ya ɗara wanda aka saba gani a wurin, bisa matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020. A nan Minnesota inda nake zaune, a ƙarshen Disamba ko da tsakar rana ma'auni bai cika kai sifili na Salshiyas ba. Ka ga ɗumin da ya ɗara haka, ai har yanzu sanyi ne mai daskarar da yatsu. Baƙon da ya ji rahoton ya baro rigar sanyinsa a gida, mu ne za mu nemo masa aro.

Kuma taswirar dunƙule kwanaki take yi, ba ta faɗin ranar da guguwa za ta afka wa gari. Mu tuna birnin Buffalo na jihar New York: ranar 23 ga Disamba, 2022, iska ta kwaso danshin tafkin Erie ta juye wa birnin dusar ƙanƙara fiye da mita guda cikin 'yan kwanaki. Mutum ba ya ganin ko motar da ke gabansa. Sama da mutum 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu, Allah ya kiyaye gaba. An soke dubban jirage a faɗin ƙasar. Gargaɗin da ya yi amfani a lokacin shi ne na ofishin yanayi na yankin, wanda ya fito kwanaki kaɗan kafin abin ya faru.

Roƙona shi ne, in za ku karanta hasashen, ku ambaci jiha ko yanki, ku ce yiwuwa ce, sannan ku tunatar da matafiya su sake duba na garinsu ana jibi tafiya. Don Allah a riƙa juya mana Fahrenheit zuwa Salshiyas ma, yawancinmu da shi muka saba.

Na gode. Naku,
Mai sauraronku daga Minnesota