Amsa ga ƙanwar da ta tambaye ni labarin gonar Freeman

Ƙanwata, assalamu alaikum.

Kin bugo waya a shirinmu na rediyo kina tambaya: wai da gaske ne gwamnatin Amurka ta taɓa raba gonaki kyauta, kuma gidan wanda ya fara karɓa yana nan tsaye? Lokaci ya ƙure kafin in amsa miki, shi ya sa na rubuto.

An yi rabon. A watan Mayun 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba ɗan ƙasa mai shekara 21, ko mai riƙe da iyali, damar neman eka 160. Kuɗin takardu dala 18 ne kacal, da sharaɗin ya gina gida, ya noma ƙasar, ya zauna shekara 5. Ranar da dokar ta fara aiki, 1 ga Janairun 1863, Daniel Freeman ya shigar da takardarsa a ofishin filaye na Brownville, yankin Nebraska. Ana cewa wurin shagalin sabuwar shekara ya lallaɓi magatakarda ya buɗe masa ofis da tsakar dare. Wasu ma sun shigar da nasu a ranar a wasu ofisoshin, sai dai Freeman ya fi su iya tallata kansa, shi ya sa shi ake ɗauka a matsayin na farko.

Ya iya zaɓe kuma. Filin da ya ɗauka kusa da garin Beatrice, rafin Cub Creek ne ya ratsa shi, ga ruwa ga itatuwa, a yankin da mutane da yawa da ɓawon ƙasa mai ciyawa suke gina ɗaki saboda rashin katako. Ta wasiƙa ya nemi auren Agnes Suiter, wadda a da ɗan'uwansa ne zai aura kafin ya mutu lokacin yaƙin basasar Amurka. Suka yi aure a 1865, suka tare a ɗakin gungume, daga baya suka gina bene na jan bulo.

Gidan kuwa babu shi. Ɗakin gungumen ya daɗe da rushewa, benen gobara ta cinye. Ɗakin da ake nuna wa baƙi yau na wani manomi ne, George Palmer, an gina shi a 1867, aka ɗauko shi daga gonarsa a 1950. Na iyalin Freeman da ya rage shi ne shingen itatuwa masu ƙaya da aka dasa a gefen gonar, sai kaburburan Daniel, wanda ya rasu a 1908, da Agnes a 1931. Tun 1936 aka ayyana wurin a matsayin wurin tarihi na ƙasa.

Inda ban yarda da masu cewa kyauta ba shi ne nan, ƙanwata: ƙasar tana da masu ita. Wannan yanki mazaunin ƙabilun Otoe da Missouria ne, 'yan asalin ƙasar. Yarjejeniyar da suka yi da gwamnati a 1854 ta raba su da mafi yawan ƙasar da ta rage musu, aka killace su a gefen kogin Big Blue, kudu da gonar Freeman. Shekara 9 kawai tsakanin wannan da takardarsa. A 1881 nan ɗin ma aka tashe su zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu, lokacin Freeman ya yi shekara 18 da riƙe filinsa.

Ki gaida mutanen gida.

Yayanki.