Kafin Ka Buɗe Shagon

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya ruwan sama? Ya uwargida da yara? Shirun ya yi yawa, kullum wayarka a kashe sai ka ce mai gudun bashi.

Ƙaninka ya zo shago jiya, ya ce za ka fara sayar da kayan masarufi, har kana shirin zuba duk abin da ka tara a kaya. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sanya albarka. Amma don girman Allah kada ka zuba duka.

Ka tuna 2020? A watan Maris aka ce gwamnanmu Bala Mohammed ya kamu da korona, ba a jima ba aka kulle Legas da Ogun da Abuja, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha. Mu 'yan kasuwar Muda Lawal ta nan Bauchi da muke sari a Kasuwar Singa ta Kano, sai ga Kano ita ma ta shiga kulle a Afrilu. Maƙwabcina mutum ɗaya yake ba shi kaya. Da wannan ya tsaya, shi ma ya tsaya. Da idona na ga kantocinsa babu komai sai kwalin ashana da gishiri, yana zaune yana karkaɗe ƙura. Ni abin da ya cece ni, ina da wani dila a Jos, wani a Gombe.

Tun lokacin nake ware kuɗin haya da na yaran shago na wata uku, ba na taɓa su ko kasuwa ta yi daɗi. Lambar duk wani kwastoma tana cikin littafi. Matan aure da ba su iya fitowa, ta WhatsApp suke turo sautu, mai keke ya kai har ƙofar gida, su yi taransifa. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a 2023, wannan tsarin da na'urar POS ne suka riƙe mu. Ka buɗe asusun banki na shagon daban, domin bashin naira biliyan 50 da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya ware lokacin korona ma sai mai asusu da BVN ke iya nema.

Af, mai shayin bakin tasha ya ƙara aure! Yana ta cigiyarka, wai har yau kuɗin ƙwai biyu na wuyanka. Ƙungiyar ƙwallonmu ta Wikki kuwa kada ma ka tambaye ni.

Sai maganar yaro. Na san halinka, makulli a aljihunka, lissafi a kanka. Idan ka kwanta ciwo sati biyu fa? Ka koya wa mutum biyu farashi da inda kake sari, ka nuna musu littafin bashi. Annoba ba korona kaɗai ba ce. Mu nan kwalara ta yi mana ɓarna a 2021, zazzaɓin Lassa kuma duk rani sai ya leƙo. Shi ya sa bokiti mai famfo da sabulu na nan bakin ƙofa, buhuna kuma a kan katako saboda ɓera.

Ka turo min lambar da ke shiga. In za ka zo Babbar Sallah ka faɗa da wuri, Hajiya ta ce za ta ajiye maka dambun nama. Ka gaishe min da kowa.

Naka,
Amininka na Muda Lawal