Maganar kuɗin kaushin ɗin nan

Assalamu alaikum Bala,

Mutumina ya kake, ya sanyin Manchester, ya madam da yara? Nan Kaduna lafiya lau sai godiya, hazo ya fara sauka. Su Umma na gaishe ka.

Ka tambaya ko na tashi daga gidan Malali, eh mun koma Kinkinau, amma kuɗin kaushin ɗina, wato ajiyar da ake karɓa wajen kama haya saboda ko an yi ɓarna, har yau suna hannun mai gida. Ranar miƙa makulli shi da ejan suka bi ɗaki ɗaki, wallahi bawan Allahn nan har durƙusawa ya yi yana leƙen bayan ƙofar banɗaki, ya ƙirga ramukan ƙusa a bangon falo ɗaya bayan ɗaya, wai kuma fenti ya koɗe sai an sake. Na ce haba Alhaji, fentin da rana da damina suka cinye ai ba ɓarna ba ce tsufa ne, in famfo na karya ko na bar bashin wuta a cire ba gardama, amma a nuna min rasit. Buɗar bakinsa sai ya ce in bari sabon ɗan haya ya shigo ya biya tukuna. Ka ji fa! Wato abin da aka karɓa da sunan ajiya tuni an yi wata hidima da shi.

Takardar yarjejeniyar kuwa, wadda aka caje ni kuɗin lauya a kanta bayan kashi 10 na ejan, ta ce za a mayar da kuɗin amma ba ta sa rana ba, nan ne ya samu mafaka. Notis ɗin tashi na wata 6 ga ɗan hayar shekara da na kwana 7 da ke biyo baya kowa ya haddace, ranar mayar da kaushin ce ba mai son a rubuta.

Ku kam kun huta. A Ingila dole mai gida ya saka kuɗin a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, in kun daidaita kan adadi a biya ka cikin kwana 10, kuma tun 2019 a yawancin gidaje ba a karɓar fiye da hayar sati 5. A Amurka ma wa'adin mayar da kuɗin bayan an tashi a New York kwana 14 ne, Kalifoniya 21, har da lissafin abin da aka cire a rubuce. Tunda ka ce za ku canza gida, nemi shaidar inda aka ajiye naka tun yanzu, ka ɗauki hoton ko'ina kafin ku fita.

Ni dai a sabon gidan sai da aka rubuta kwana 30 bayan miƙa makulli na sa hannu, ejan ɗin yana ta ɓata rai. Alhaji kuma zan fara kai shi wajen mai unguwa saboda mutunci, surukin maƙwabcinmu ne, in ya ƙi lauya ya rubuta masa, daga nan sai kotu.

A shafa min kan yara. Yaushe za ku shigo, ko sai Sallah?

Naka,
Auwalu